Nazarin Lamari: Tsohuwar Marsandi Mai Shan Dizal a Garwa da Abin da Gyaranta Ya Ci

Motar da wannan nazari ya shafa Mercedes-Benz ce samfurin E 270 CDI, ƙirar shekarar 2003, daga jerin da kamfanin ya sa wa lamba W211, wanda aka ƙera tsakanin 2002 da 2009. Injinta na dizal ne mai silinda biyar, girmansa lita 2.7, ƙarfinsa doki 177, giyarta kuwa mai sarrafa kanta ce mai hawa biyar. Wani ɗan kasuwar hatsi a Garwa da ke arewacin Kamaru ne ya saye ta a farkon 2021 daga hannun dillali a kan sefa 4,200,000, bayan ta yi zamanta na farko a Turai, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta kuma yi 'yan shekaru a hannun wani ma'aikaci a Yawunde. Babban ɗansa, wanda ke riƙe masa lissafin shago, ya riƙa rubuta duk abin da aka kashe wa motar a littafi guda, kuma daga wannan littafi da bayanin kanikawan da suka taɓa ta aka ɗauko abin da ke biye. Kuɗaɗen da za a ambata su ne aka biya a kan wannan mota cikin shekaru uku na farko, don haka ba farashin kasuwa ba ne da za a ɗora a kan kowace mota.

Dalilin sayen ba ɓoyayye ba ne. Toyota mai irin shekarunta ta fi ta riƙe daraja a kasuwa, saboda haka da kuɗin da zai saya ƙaramar mota ya sami babba mai kujerun fata, mai sanyi, wadda mutum zai yi tafiyar Garwa zuwa Marwa a cikinta ya sauka ba gajiya. Sannan akwai sunan da tsoffin Marsandi masu dizal suka bari. Alhajin ya taso yana ganin 200D da 240D da 190D suna aikin haya shekara da shekaru, ana zuba musu man da aka samu, ana gyara su a gindin bishiya da sifana da guduma. Abin da bai lissafa ba shi ne, waɗancan famfon mansu ƙarfe ne zalla da ke aiki ba tare da lantarki ba, wannan kuwa kwamfutoci da dama ne a cikinta suna magana da juna, kuma kusan babu abin da direba zai taɓa, daga totur zuwa birki, da ba sai ya bi ta kansu ba. Agogon tafiyarta ya nuna kilomita 238,000 ranar ciniki. Sai daga baya, da aka haɗa ta da kwamfutar gwaji, aka ga wani sashe na lantarkinta yana riƙe da adadin da ya haura 390,000. Mayar da agogo baya tsohuwar al'ada ce a cinikin motocin da aka riga aka yi amfani da su, amma a wannan samfurin ba a wuri ɗaya ake adana lissafin ba, kuma masu mayarwar ba kullum suke bin kowane wuri ba.

Gyaran farko na shiga gida ne: baƙin mai, filtoci, tayoyi huɗu da babban batir, duka sefa 380,000. Babu abin cewa a kansa.

Matsalar nozul

Bayan 'yan watanni direban ya fara jin warin hayaƙi a cikin mota idan an tsaya, musamman idan an kunna na'urar sanyi, da wata 'yar ƙara mai kama da fitar iska a ƙarƙashin bonet, tana bin bugun inji. Bakaniken unguwa ya saurara ya ce salansa ce ta tsage, ya kuwa yi mata walda. Warin bai tafi ba, amma da yake motar tana gudu yadda ta saba, aka bar maganar.

Ga abin da ke faruwa a zahiri. Kowane nozul da ke fesa mai cikin silinda yana zaune ne a kan wani ɗan zoben jan ƙarfe wanda bai fi kwabo girma ba, kuma ƙusa guda ce ke danne shi. Idan zoben ya gaji, iskar ƙonewa takan riƙa tserewa ta gefensa, tana ɗauke da toka da ɗanyen mai, su taru a kewayen nozul su daskare. Wannan sanannen ciwo ne a injinan CDI na wancan zamani, kuma murfin roba da ke rufe saman inji yana ɓoye shi, sai wanda ya ɗaga ya duba. Ranar da aka ɗaga murfin wannan motar, abin da aka tarar a kan nozul na huɗu baƙin dunƙule ne mai ƙyalli kamar kwaltar da ta sandare a bakin titi, ya haɗiye ƙusar da wayar lantarkin da siririn bututun da ke mayar da rarar mai, ya kuma fara malala zuwa na uku. Sai da aka ɗumama inji, aka yi ta jiƙa wurin da mai narkar da datti, ana ɓanɓara da ɗan kurfi a hankali, kafin a ga kan ƙusar.

Da an yi aikin tun farkon jin warin, zobba biyar da ƙusoshi biyar da ladan aiki ba za su wuce sefa 25,000 ba. Amma nozul ɗin ya riga ya manne, kuma wajen fizgo shi ya lalace. Bayan haka bakaniken ya mayar da tsohuwar ƙusa, alhali ƙusa ce da aka yi ta don a ɗaure sau ɗaya, domin tana ɗan miƙewa idan an ɗaure ta yadda ya kamata. Ya ƙara mata ƙarfi da hannu don ta kama, sai zaren ramin da ke jikin kan inji, wanda alminiyom ne mai taushi, ya zare. Dole aka nemo mai juya ƙarfe ya sa sabon zare, aka kuma yi odar nozul da aka sabunta daga Duwala. Akwai wani mataki da aka tsallake wanda ya sa injin ya riƙa rawa da safe: kowane nozul yana da lamba a jikinsa da ke nuna yadda yake fesa mai, kuma sai an shigar da lambar a kwamfutar inji take daidaita shi da sauran. Jimillar abin da wannan ya ci sefa 310,000.

Man da aka zuba

Injin wannan mota yana tara mai a bututu guda ƙarƙashin matsi mai kaiwa bar 1,600, yayin da iskar tayar mota ba ta wuce bar biyu da 'yan kai ba. Famfo da nozul masu aiki a irin wannan matsi sassansu sun matse da juna ƙwarai, kuma man dizal ɗin da ke bi ta cikinsu shi ne kaɗai abin da ke sa musu santsi. Ruwa kaɗan ko ƙura ko man da ba shi da maiƙo ya isa ya goge su.

Wannan yana da muhimmanci a arewacin Kamaru, inda sayen mai a jarka da kwalba a bakin hanya, wanda ake kira zuwa-zuwa, ya zama ruwan dare. A watan Fabrairun 2023 gwamnati ta ɗaga farashin litar dizal zuwa sefa 720, a Fabrairun 2024 kuma zuwa 828, amma aka bar kananzir a kan 350. Duk mai hankali zai ga ribar da ke cikin gauraya su, kuma kananzir ba shi da maiƙon da famfo ke bukata. Ba kowane mai jarka ne ke algus ba, amma ko mai gaskiyar cikinsu ba ya iya hana ƙurar hunturu da raɓa shiga gangar da ake buɗewa sau ɗari a yini.

A wata tafiya zuwa kasuwar ƙauye mai ya yi ƙasa, direban ya sayi jarka guda a hanya. Kafin a dawo gari motar ta fara shaƙewa idan an taka totur, sannan ta mutu, ta ƙi tashi sai bayan ta huce. Da aka zazzage filtar mai a cikin kwalba, ruwa ya kwanta a ƙasa da wani jan laka a tare da shi. An sauke tanki an wanke, an canza filta, an canza bawul ɗin da ke daidaita matsin mai, an aika nozul biyu Duwala aka gwada su a kan na'ura aka sabunta su. Babban famfon ya tsira, kuma wannan sa'a ce, domin idan ya fara nikewa yakan watsa garin ƙarfe cikin dukkan bututai, sai an canza kusan kome. An kashe sefa 420,000. Rangwamen da aka samu a jarkar bai kai sefa 3,000 ba.

Giyabos da ba shi da laifi

A ganina nan ne aka yi asara mafi ciwo, domin kuɗin ya tafi ne a kan abin da lafiyarsa lau. Motar ta fara maƙalewa a giya ta biyu, ba ta hawa ba ta sauka, sai an kashe inji an sake tayarwa. Da farko sau ɗaya a mako, daga baya kullum. Wani bakanike da ya yi suna wajen gyaran giyar Toyota ya tuƙa ta ya ce giyabos ya ƙare. Aka sayo wani na hannu daga kasuwar kayan mota ta Kam Yabasi a Duwala a kan sefa 450,000, aka biya 80,000 na ɗauko shi da ɗaurawa. Ba a yi mako biyu ba ciwon ya dawo yadda yake.

Giyar da ke wannan mota, mai lamba 722.6, tana cikin mafi ƙarko da kamfanin ya taɓa yi, kuma maƙalewa a giya ta biyu ba alamar mutuwarta ba ce. Dabara ce da aka gina a cikinta: idan kwamfutar giya ta daina samun sahihin labari daga sensa, sai ta tsaya a giya guda don direba ya iya lallaɓawa zuwa gareji ba tare da ɓarna ba. Abubuwa biyu ne suka fi jawo haka. Na farko wani farantin roba ne a cikin giyabos mai ɗauke da hanyoyin lantarki da sensocin da ke auna gudun juyawa, wanda yakan tsage da tsufa. Na biyu soket ne mai ƙafa 13 da ke haɗa giyabos da wayoyin mota. Idan zobban robarsa sun bushe, man giya yakan bi cikin wayoyin da kansu, ya yi ta hawa sannu a hankali har ya kai kwamfutar giya ya jiƙa ta.

Wanda ya gano haka wani matashin mai rewaya ne da ya koyi aiki a Duwala, yana da kwamfutar gwaji irin wadda aka yi don Marsandi. Ya karanta lambobin kuskure, ya ciro kwamfutar giya, ya karkata ta, jan mai ya ɗigo a tafin hannunsa. Ya nuna wa mai motar ya ce, “Alhaji, wannan ba ciwon giya ba ne, ciwon waya ne. Ko giyabos goma aka ɗaura, in ba a tsayar da wannan man ba, haka za a yi ta yi.” An wanke kwamfutar da wayoyin aka shanya, an sa sabon soket, kuma da yake farantin giyabos ɗin da aka sayo shi ma tsoho ne, aka canza shi tare da filta da mai. Duka sefa 210,000. Tsohon giyabos yana nan a gareji har yanzu, ba a sami mai saye ba.

Akwai ƙarin abubuwa biyu da suka fito a wannan gyara. Kamfanin ya fitar da waɗannan motoci da cewa man giyarsu ba ya bukatar canji, har bai sa musu sandar auna mai ba, sai dai bututu mai murfi da hatimi. Daga baya ya koma ba da shawarar a canza. Auna man kuwa sai da sanda ta musamman, injin yana aiki, man ya kai zafin digiri 80, kuma wanda ya zuba da ƙiyasi ko dai ya yi yawa ko ya gaza. Na biyu, wasu motocin farkon wannan jeri sun zo da lagireto na kamfanin Valeo wanda yakan bar ruwan sanyaya inji ya tsallaka cikin man giya, abin da ke lalata giyabos da gaske. An duba na wannan motar aka tarar an riga an canza shi tun a Turai.

Birki

Duk sauran matsalolin na aljihu ne. Wannan ta rai ce, kuma ita ce ya kamata mai son sayen W211 na kafin 2006 ya fara tambaya a kai.

Motocin wannan jeri na farko suna da birki mai suna SBC, wanda Mercedes da Bosch suka haɗa hannu suka ƙera. A birkin da aka saba, ƙafar direba ce ke tura man birki zuwa tayoyi. A wannan kuwa ƙafar saƙo kawai take aikawa: sensa tana auna yadda aka taka, wani famfon lantarki yana tara mai a ƙarƙashin matsi, kwamfuta kuma ita ke raba wa kowace taya gwargwadon abin da take bukata. Idan yana lafiya birki ne mai kyau ƙwarai. Amma ya ba kamfanin wahala tun motocin suna sababbi: a 2004 an yi kiranyen motoci kimanin 680,000 saboda shi, a 2005 aka sake kiran kimanin miliyan 1.3 kan matsalolin da suka haɗa da na birkin, kuma da aka sabunta samfurin a 2006 sai aka cire shi aka koma birkin da aka saba.

Famfon yana da iyakar rayuwa, kuma kwamfutarsa tana ƙirga yawan taka birki. Idan adadin ya cika sai ta fitar da farin gargaɗi a allon gaban direba cewa a kai mota gareji. Haka ya faru da wannan motar a shekara ta biyu. Wani mai kwamfuta ya ce zai goge gargaɗin a kan sefa 40,000, ya kuwa goge, ta hanyar mayar da ƙirgen baya. Rubutun ya ɓace, amma famfon da ya tsufa yana nan da tsufansa. Wannan aiki, a ra'ayina, bai kamata a kira shi gyara ba, domin abin da ya yi kawai shi ne toshe bakin da ke faɗin gaskiya.

Bayan wasu watanni, a cikin gari, kusa da kasuwa, allon ya koma ja, ƙararrawa ta ɗauka, birkin ya nutse ya yi nauyi. Idan tsarin ya faɗi, abin da ke saura hanya ce ta gaggawa da ke kama tayoyin gaba kaɗai, da ƙarfin ƙafar direba, ba tare da wani taimako ba, a motar da nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi. Direban yana tafiya a hankali, ya danna da iya ƙarfinsa, ta tsaya. Kwanaki kaɗan kafin nan motar ta sauko daga Ngaundare, wadda ke sama da mita 1,000 a kan tudun Adamawa, ta bi gangaren da direbobi ke kira Falez zuwa kwarin Binuwai, hanyar da manyan motoci ke yawan faɗuwa a kanta. Ɗan mai motar ya ce da mahaifinsa a ranar, “Baba, ko dai a sa sabon famfo, ko a ajiye ta, ba zan ƙara barin iyali su shiga ba.” An yi odar famfon da aka sabunta daga Turai, ya iso bayan kusan wata guda, kuma da kuɗinsa da na jigila da na duwan, wato kwastan, da na ɗaurawa ya kama sefa 520,000.

Ɗaurawar kanta ba aikin kowa ba ce. Fitar da iska daga wannan birki sai da kwamfuta, tana buɗe bawul ɗaya bayan ɗaya. Ko canza takalmin birki yana da haɗari ga wanda bai sani ba, domin tsarin yakan farka ya matse da kansa idan an buɗe ƙofa ko an taɓa makulli, kuma yana iya damƙe yatsun bakanike. Sai an kashe shi tukuna. Haka nan motar batir biyu gare ta, babba a cikin but da ƙarami a gaba wanda ke tallafawa idan babban ya gaza. Zafin Garwa, wanda a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, yana gajarta ran batir, kuma batir mai rauni a wannan mota yakan haifar da gargaɗi iri-iri da ba su da tushe, har mutum ya kashe kuɗi yana bin ciwon da babu shi. An tarar ƙaramin batirin ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya san ma yana nan.

Ƙafafu da sauran ƙananan abubuwa

Wannan motar ta zo da Airmatic, wato jakunkunan iska a madadin sifirin ƙarfe. Robar jaka guda ta baya ta tsattsage, motar ta riƙa kwana a karkace, da safe famfon iska ya ɗaga ta. Da yake tana tashi, aka ƙyale. Famfon da aka yi don ya yi aiki na ɗan lokaci ya koma aiki ba hutu, ya ƙone. Aka sa wani a kan sefa 160,000 ba tare da an canza jakar ba, shi ma ya kama hanyar na farko. A ƙarshe aka cire tsarin gaba ɗaya aka sa sifirin da shok na ƙarfe a kan sefa 390,000, aka kuma rufe gargaɗinsa a kwamfuta. Motar ta rasa wani abu na laushinta, amma a hanyoyin da take bi wannan shawara ce da ban ga aibinta ba.

Boljoyin da bushin na gaba, gyaran na'urar sanyi, fankar lagireto, sensar iska da ƙura ta kashe, da wanke bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji sun haɗu sun ci kimanin sefa 300,000. Waɗannan cin hanya ne da cin shekaru, kowace mota tana da irin nata. Abin lura kawai shi ne inda kayan ke fitowa. Kayan ƙafa ana samun su daga Kano, a Ƙofar Ruwa, ta hanyar Yola, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa sun yi sauƙi ga mai riƙe da sefa. Amma akasarin Marsandin da ke Najeriya masu shan fetur ne, don haka duk abin da ya shafi injin dizal sai Duwala ko Turai, inda ake lissafi da yuro, wanda sefa ke ɗaure da shi a kan 655.957. Kayan da zai zo daga Duwala kuwa sai ya bi mota ko jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan ya sake hawa wata motar kimanin kilomita 280 zuwa Garwa, kuma idan aka aiko wanda bai dace ba sai a sake sabon jira.

Lissafi

Jimillar abin da littafin ya nuna a shekaru uku, ban da man sha da inshora da takardu da canjin baƙin mai na yau da kullum, sefa 3,260,000 ne, wato sama da kashi uku cikin huɗu na kuɗin sayen motar. Wanda ya tsaya a wannan adadi zai ce mota ce mai cin kuɗi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma idan aka rarrabe, hoton yana canzawa. Sefa 285,000 na nozul jinkiri ne da ƙusar da aka maimaita. Sefa 420,000 jarka guda ce. Sefa 530,000 giyabos ne da aka saya bisa zato. Sefa 40,000 na goge gargaɗi da 160,000 na famfon iska kuɗi ne da aka biya don ɗage matsala zuwa gobe. Waɗannan sun haɗa 1,435,000, kusan rabin duka. Abin da ya rage, 1,825,000, shi ne ainihin harajin tsufan motar, kimanin 600,000 a shekara, kuma kimanin rabinsa ya tafi ne a kan birki da ƙafafu, ayyukan da ba a maimaita su kowace shekara.

Abin da bai bayyana a littafin ba ko sau ɗaya shi ne cikin injin kansa. Ba a taɓa buɗe shi ba. Fistin da zobbansa da sarƙar da ke juya shi da turbo duk na asali ne, a motar da ta doshi kilomita 450,000, ba ta shan baƙin mai, kuma a doguwar hanya tana shan lita 7 zuwa 8 a kilomita 100. Sunan da Alhajin ya saya bai yaudare shi ba ta wannan fuska. Inda lissafinsa ya kauce shi ne zaton cewa bakaniken da ya iya inji ya iya motar. Kanikawan da suka taɓa ta da farko ba ragwaye ba ne, sun ƙware a abin da suka saba gani, kuma kunne da hannu sun ishe su a Toyota da tsoffin Peugeot. A wannan motar kuwa alama ɗaya tana iya fitowa daga wurare biyar, kuma gwajin kwamfuta na sefa 15,000 ne ke bambance su. Mai motar ma yana da nasa kason, domin sau uku motar ta yi magana, da wari, da karkacewa, da farin rubutu, kuma kowane karo an jira sai ta tsaya.

Tun daga shekara ta huɗu aka canza tsari. Mutum ɗaya ne ke taɓa ta, mai rewayar nan, kuma shi ke zaɓen bakaniken da zai kama masa idan aikin na ƙarfe ne. Ba a zuba mata mai sai a gidan mai, idan kuma za a shiga ƙauye ana tafiya da jarka daga gari. Ana canza filtar mai da ta iska kafin lokacin da littafin kamfani ya faɗa, ana ɗaga murfin inji a duba gindin nozul duk lokacin canjin baƙin mai, ana canza man birki duk shekara biyu, an kuma daina zuba wa lagireto ruwan rijiya. Kasuwannin ƙauye an bar wa wata tsohuwar akori-kura, Marsandin kuma ta koma zirga-zirgar gari da tafiyar Marwa da Ngaundare. Wani dillali ya taya ta sefa 2,800,000, Alhajin ya ƙi, bisa hujjar cewa manyan gyare-gyaren an riga an yi su kuma shi ya biya. Abin da mai rewayar ke sa wa ido yanzu shi ne babban famfon mai, wanda ya fara nuna 'yar danshi a gefensa, kuma an riga an aika Duwala a tambayo farashin kayan sabunta shi.